Lu'ulu'un da Aka Bari a Zaure

Da sunan Wanda ya yi babba ya yi ƙarami, ya ɓoye ƙarami cikin babba, ya sake ɓoye wani ƙaramin cikin ƙaramin, har idon ɗan Adam ya gaji ya haƙura. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka, ni ne Nomau ɗan Cindo, mutumin Tsamiya Biyu, wanda ya taka ƙasashe goma sha bakwai da ƙafarsa, uku kuma a bayan jaki. Wanda ya gaskata abin da zan faɗa, Allah ya yi masa albarka. Wanda ya ƙaryata, hanya tana nan ba a naɗe ta ba, ya je ya gano wa idonsa, sai dai ya riƙe guzuri da yawa.

Sana'ata, in an matsa sai na faɗa, baƙunta ce. Daga garinmu har bakin kogi babu zauren da ban san tabarmarsa ba. Na san inda ake fito da tuwo da man shanu, na san inda ake fito da ruwa da ban haƙuri. Shekara ashirin da biyar ina wannan aiki, ban taɓa fashi ba.

Ina da taubashiya, Gaje, 'yar kawuna. Da yake ita 'yar namiji ce ni ɗan mace, tun muna tatata take kirana bawanta, ni kuma ina ce mata uwar ɗakina don in ji daɗin ƙin abin da ta sa ni. Dillaliya ce. Kafin azahar takan shiga gida arba'in da ƙullin atamfa da turare a ka, ta fito ko haki ba ta yi. Sai ga shi wata damina Gaje ta fara zama a hanya. Gida arba'in ya koma ashirin, ashirin ya koma biyar, har ta kai kafin ta tsallake tsakar gidanta sai ta huta sau biyu. Ba zazzaɓi, ba tari, ba ciwon kai. Ƙarfi ne kawai yake zurarewa kamar ruwa a tulun da ya tsage. Wanzamai sun yi ƙaho, masu saiwa sun jiƙa, likitocin birni sun auna, kowa ya ce bai ga komai ba.

Wani falke ne ya ba mu labarin Lumbaya, birnin da ke bayan inda fatake ke juyowa. Ya ce malaman can ba sa tambayar mara lafiya abin da ke damunsa, ƙwayoyin jikinsa suke tambaya kai tsaye.

"Bawana," in ji Gaje, "ɗaura wa jaki akumari."

"Uwar ɗakina, ni kuma? Ina mijinki, ina 'ya'yanki?"

"Kowa yana da gona. Kai kaɗai ne a dangi in ka yi tafiyar shekara babu aikin da zai tsaya. Matan gari ma sai sun yi sadakar godiya."

Na buɗe baki zan rama, sai na ga ta dafe ƙofa don kada ta faɗi. Na je na ɗaura akumarin.

Bayan wata biyu muka faɗa ƙasar Tankarau. A al'adarsu, in mutum biyu suka fara gaisuwa, wanda ya riga yin shiru ya zama baran ɗayan har shekara. Mai tsaron iyaka, wani dattijo mai faffaɗan ƙirji, ya tare mu da hantsi. Ya tambayi gida, na tambayi iyali. Ya tambayi gajiya, na tambayi ruwa. Zuwa azahar mun gama da mutane mun shiga dabbobi. Ya gaishe da jakina, na gaishe da kajinsa ɗaya bayan ɗaya, da mai kwanci da wadda shaho ya ɗauke bara. Gaje tana bisa jaki, rana na dukanta, leɓɓanta sun bushe. Sai na lura ƙasar tasu doguwa ce amma siririya kamar ɗamara. Na kama igiyar jaki, na shiga ja da baya ina gaisuwa, shi kuma don kada amsata ta wuce shi yana biye da ni. Da la'asar muka tsallake ɗaya iyakar, inda dokarsu ba ta kai ba. Na ce, "Baba, sai wata rana," na rufe bakina ruf. Har muka yi nisa muna jiyo shi yana tambayar lafiyar kakata.

Daga nan sai Dajin Kunnuwa, inda ganyen kowace bishiya kunne ne, kuma rassa ba sa buɗe wa matafiyi hanya sai ya ba su gulma.

"Yau ranarki ce," na ce wa Gaje. "Asirin gida arba'in yana cikinki. Zubo musu biyu mu wuce."

"Allah ya kiyaye. Dillaliyar da ta fitar da zancen ɗaki ta gama shiga ɗaki. Gara in ƙare a nan."

"Itatuwa ne fa! Wa za su gaya wa?"

"Iska. Kai da ba ka san komai ba, buɗe baki, ai ba ka taɓa rasa abin faɗa ba."

To, na gyara murya. Na gaya musu rimin kasuwarmu ganyen aro yake sawa da rani. Na gaya musu kukar bakin gari da tsamiyar masallaci shekara sittin ba sa ga-maciji a kan wata 'yar inuwa. Nan da nan daji ya ɗauka. Kowace bishiya ta karkata wajen maƙwabciyarta tana raɗa mata, suka bar tsakiya fayau, muka bi muka fice.

A wata na biyar muka hango Lumbaya. A lokacin sai da zani nake ɗaure Gaje a bayan jaki don kada ta zame.

Birnin duk da gilashi aka gina shi. Katanga gilashi, ɗaki gilashi, babu ƙyaure, babu labule, babu zaure. Kana tsaye a titi kana ganin tukunyar mutum tana tafasa, kana ganin shi yana neman takalminsa a ƙarƙashin gado. Ban taɓa shiga garin da ya dace da sana'ata kamar wannan ba, domin ba mai iya ce maka tuwo ya ƙare alhali ga shi kana kallonsa.

Aka kai mu wurin Sarkin Awo, Malam Zunduri, wani dogo siriri mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi yana jiran aiki. Ya sa aka shimfiɗa wa Gaje tabarma, ya ɗebi ɗan abu daga damtsenta wanda bai kai ƙwayar gero ba, ya sa a faranti cikin wani ruwa mai ɗumi don ya ci gaba da rayuwa.

"Jikin mutum," in ji shi, "gari ne mai gidaje ba iyaka. Kowane gida shi muke kira ƙwayar halitta. Tana da katanga, tana da murhu da yawa inda ake dafa abinci ya zama ƙarfi." Ya ɗauko wata kwalba mai farin gari. "Wannan kuma lu'ulu'u ne. An niƙa shi har sai ka jera dubu kafin su kai kaurin gashin gemunka."

Gaje ta ɗago kai da ƙyar. "Lu'ulu'u kuka niƙa? Malam, wa ya ba ku wannan shawara?"

Bai kula ta ba. "A cikin kowane ɗan tsaki akwai gurbi, a gurbin kuma akwai wani abu mai juyi kamar katantanwa. In muka haska masa koren haske, sai ya mayar mana da ja. In wurin da yake zaune ya yi zafi, jan yakan sauya. In kuma murhu yana tartsatsi kusa da shi, katantanwar takan gaji da wuri ta kwanta. Da haka muke jin abin da ke faruwa a gida, ba mu rusa gidan ba."

"Wato ɗan leƙen asiri," na ce.

"Baƙo," in ji shi. "Ƙwayar da kanta take buɗe katanga ta shigar da shi."

Ya ƙara da cewa magani biyu gare su na ciwon murhu. Ɗaya yana hura murhun da ya mutu, ɗaya yana kwantar da mai tartsatsi, kuma in aka ba mutum wanda ba nasa ba, ba ya kwana uku. Don haka dokar birni ta hana ba kowa magani sai lu'ulu'u ya yi magana.

Ya barbaɗa garin a faranti da safe. Da la'asar ya kunna koren haske, ya leƙa wani madubin ƙara girma mai tsawon taɓarya, ya daɗe yana rubutu, sa'an nan ya miƙe fuskarsa a sake.

"Albishirinku. Zafi daidai, tartsatsi babu. Lafiyarta lau."

Na dubi Gaje, wadda ko kofin ruwa ba ta iya ɗagawa. "Malam, wannan ce mai lafiyar?"

"Ni ma ido gare ni, amma ido yakan yi kuskure. Lu'ulu'u bai taɓa ƙarya ba."

Kafin mu ce wani abu aka rataya mata takarda a wuya mai shaidar lafiya, aka ce jibi da azahar za a ɗauke ta zuwa Tudun Masu Lafiya, inda ake kai waɗanda awo ya wanke amma suka ƙi tashi.

Ban tsaya ba, na hau tudun in gani. Ban taɓa ganin masu lafiya irin waɗannan ba. Sun fi ɗari, kwance a ƙarƙashin rumfuna, kowa da takardarsa a wuya, wani ko ƙuda ba ya iya korewa. Bayan rumfunan akwai jerin kaburbura, wasu ƙasarsu ko bushewa ba ta yi ba. Na sauko, kuma a karo na farko a rayuwata na wuce gidan da ake kwashe tuwo ban tsaya ba.

Washegari da sassafe na koma na ce a bar ni in leƙa madubin. Ba a hana ni ba, domin a Lumbaya ba a san yadda ake hana mutum kallo ba.

Na kafa ido. Sai ga ƙwaya ɗaya ta zama kamar gidan mai gari. Can ciki na hango murhunan, birjik kamar wake a faifai. Na nemi jajayen ɗigon lu'ulu'un, na same su. Ba ko ɗaya kusa da murhu. Duk suna bakin katanga, uku nan, biyar can, kowane gungu an kewaye shi da wani ɗan zagayayyen ɗaki. Sun zauna tsaf, irin zaman masu jiran a fito da akushi. Wallahi sai na ji kamar na ga 'yan'uwana.

"Malam," na ce, "waɗannan baƙin naka ai a zaure suke."

"A ina?"

"Zaure."

Ya sauko da tabarau na goshi ya ɗora a kan na ido. "Wace ƙasa ce wannan?"

Sai a lokacin na gane. Mutumin da aka haifa a gidan gilashi, a wurinsa wanda ya shiga gida ya shiga gida ke nan. Bai taɓa jin an karɓi mutum hannu bibbiyu, an shimfiɗa masa tabarma, an kuma tsare shi a bakin ƙofa ba. Na yi bayani har sau uku, yana kallona kamar ina yi masa yaren tsuntsaye. Daidai nan aka kawo masa kalacinsa, shinkafa da kifi a akushi.

Na kwance ƙullin atamfar da Gaje ta taho da shi, na zaro zannuwa biyu, na ɗaura su daga bango zuwa bango. Mutanen titi suka yi cirko-cirko, ba su taɓa ganin abin da ido ba ya ratsawa ba. Na zaunar da Malam Zunduri a gaban zanin, ni da akushi muka koma baya.

"Malam, yanzu kai baƙo ne, ka shigo gidana. Tambaye ni lafiyar gida."

"Ina lafiyar gida?"

"Lafiya lau," na ce, bakina cike.

"Komai yana nan yadda na bar shi?"

"Yana nan, Malam, sai godiya. Wurin da kake zaune akwai zafi?"

"Babu."

"Akwai hayaniya?"

"Babu."

"To rubuta: gida lafiya."

Na yaye zanin. Akushi ya koma kamar an wanke, sai ƙayar kifi a gefe.

Malam Zunduri ya dubi akushin, ya dubi zanin, ya je ya leƙa madubinsa ya daɗe. Da ya juyo sai ya zauna a ƙasa daɓas, ya cire tabaran duka biyu.

"Lu'ulu'un bai yi ƙarya ba," in ji shi a hankali. "Labarin inda aka ajiye shi ya ba ni. Shekara goma sha ɗaya. Mutum nawa na tura tudu?"

Can ya ɗago ya kama hannuna. "Kai da ka san wannan wuri, ta yaya ake wuce shi?"

"Malam, ni iyakata tabarma. Ban taɓa wucewa ba."

Daga kan shimfiɗa muka ji wata 'yar dariya mai kama da tari. "Ka ji shi," in ji Gaje. "Kana tambayar bawa hanyar ɗakin uwargida. Matso nan, Malam, muryata ba ta nisa."

Ya matsa ya durƙusa.

"Wannan lu'ulu'un naku tsirara kuke aika shi, yana ƙyalli yana kaifi. Wace mai hankali za ta bar irinsa ya wuce ciki? Mai shiga gida shigar mutanen gidan take yi, ta shafa irin man da suke shafawa. Kuma ba a cewa na zo gidan nan. Cewa ake yi na zo wurin wance. Ka riƙo abin da wance take so a hannu, su da kansu za su ce wuce, tana madafa."

Malam Zunduri ya mayar da tabaransa ido. Ya ce katangar ƙwaya da maiƙo aka yi ta, kuma suna da irin wannan maiƙon a kwalba. Ya ce akwai kuma wani sinadari da murhunan ke janyowa wajensu kamar yadda maganaɗisu ke jan allura. Amma dokar azahar ɗin gobe ba shi da ikon ɗage ta. Sabon awo ne kaɗai ke cire takarda daga wuya.

Aka ba ni aikin juyawa, shi yana haɗa sinadarin. Ni kuwa a duk zaurukan da na zauna ban taɓa jin an yi kuka da yawan mai ba, don haka da ya juya baya na ƙara ludayi biyu don alheri. Garin ya dunƙule kamar dawo. Muka zuba a faranti muka jira har la'asar, ƙwayoyin ko zauren ma ba su buɗe masa ba. Yini guda ya tafi.

"Na ce a shafa masa mai," in ji Gaje, "ban ce a soya shi ba, bawan banza."

Ta faɗa da wasa, amma sai da ta huta sau biyu kafin ta kai ƙarshen maganar.

Rana ta uku da hudowar rana aka sake. Wannan karon an kore ni daga wajen ludayi. Aka jingina Gaje da akumari, ita take cewa ɗiga, ita take cewa tsaya. Aka barbaɗa. Kafin hantsi majiya ƙarfi huɗu sun iso da gadon ɗaukar mutane, suka ajiye shi a bakin ƙofa suka zauna a kai. Rabin birni ya taru a bayan gilashi.

Ni da Malam muka dinga karɓa-karɓa a bakin madubi. Da farko jajayen ɗigon suka taru a bakin katanga kamar kullum. Da yawansu nan suka zauna. Can sai na ga ɗaya ya sulale ya yi ciki. Wani ya bi shi. Tafiya suke kamar ta hawainiya, inuwa kuma tana ta gajarta a titi. Babban majiya ƙarfin ya miƙe ya kaɗe rigarsa.

"Ranka ya daɗe, rana ta kusa tsakiya."

"Ta kusa, ba ta kai ba," in ji Malam, bai ɗago ba.

Ɗigo bakwai suka isa murhu suka lafe a jikinsa. Malam ya ƙara koren hasken. Katantanwar da a zaure takan daɗe tana juyi, a nan kafin ƙiftawar ido ta kwanta. Ya gwada ta biyu, haka. Ta bakwai, haka.

"Tartsatsi!" ya yi ihu. "Murhunanta tartsatsi suke kamar maƙera! Ku kawo magani na biyu!"

Da hannunsa ya tsinke igiyar takardar. Ni na riƙe mata kofin, rabi a bakinta rabi a rigata. Da ta haɗiye ta dubi majiya ƙarfin nan.

"Ku da kuka kawo gado, kada ku koma da shi haka. Ku hau tudu ku fara sauko da mutane."

Kwana tara ana sauko da su, Malam Zunduri yana riƙe da ƙafar gado ɗaya a kowace tafiya. Aka sake auna kowa. Wasu murhunsu tartsatsi yake, wasu ya mutu, kowa aka ba shi nasa. Da yawa sun tashi. Wasu mun makara, kuma Malam bai bar kowa ya ce masa ba laifinsa ba ne.

Gaje kuwa a kwana na goma ta zauna da kanta, a na ashirin ta zage ni tun daga farkon magana har ƙarshe ba ta huta ba. Nan na san magani ya kama.

Ranar da za mu taso, malaman birni suka taru don a sa wa sabuwar hanyar suna a littafi. Na gyara hula na matsa gaba, domin kowa ya san wanda ya fara ganin zauren. Malam Zunduri ya karanta: daga yau, ɗan lu'ulu'un da ya wuce ciki ya kai murhu, sunansa gaje. Wanda kuma ya maƙale a bakin ƙofa, ya miƙe ƙafa, yana aiko da labarin cewa komai lafiya, sunansa nomau.

"Malam, wannan ai cin fuska ne!"

"Girmamawa ce," in ji shi, da gaskiyarsa. "A kowane faranti irinka sun fi yawa. Sunanka za a fi ambata."

Na juya wajen Gaje in ga ko za ta tare mini. Tana can ta riga ta naɗe zannuwanta ta ɗora ƙullin a ka.

"Hau jakin, bawana," in ji ta. "Na gaji da zama. Ni zan taka."

Na hau. Kafin mu fita ƙofar birni ta ba mu rata, ina dukan jaki ina kiranta ta jira, ko waiwaye ba ta yi.

Nan hikayar ta tsaya. Abin da na ƙara Allah ya yafe mini, abin da na rage ku tambayi Gaje, in kun iya cim mata.